Tafiyar da Na Yi a Madadin Baba

Juma'a, Dutse zuwa Kano

Ana kiran assalatu na fito daga asibiti, ban ko koma gida Yalwawa na canja kaya ba. Baba ne ya kamata ya yi wannan tafiya. Ƙanwata Zulai za ta buga wa Najeriya wasan kurket a Abuja, karonta na farko a ƙungiyar manya, kuma tun ranar da sunanta ya fito ya kai ɗinkin sabuwar riga. Sai jiya da yamma ya yanke jiki ya faɗi yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Inna ta rako ni bakin ƙofa, ta ce, "Ki je ta ga fuskar wani nata. Amma kada ki gaya mata sai ta gama. Shi ma abin da yake ta nunawa da hannu ke nan."

"Inna, in ta tambaye ni fa?"

"Allah zai ba ki abin faɗa."

Mai adaidaita ya sauke ni a tasha, muka tashi a ƙaramar bas wajen ƙarfe shida. Mun bi ta gaban filin makarantar da Zulai ta fara wasan tana aji ɗaya na sakandare. Wani malamin wasanni ne ya kawo shi, 'yan mata suna ta dariyar sandar bugu mai faɗi. Da ya ga yadda Zulai take jifa ya tambaye ta inda ta koya. Ta ce a rugar kakanmu, wajen kora shanu daga gonar mutane. Daga nan Baba ya riƙa goya ta a babur duk Asabar, 'yan unguwa na cewa malamin dabbobi ya rasa aikin yi tun da ya yi ritaya.

Kafin gadar Wudil 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa, suka ce mu wuce. Na kira Inna. Ta ce yana barci, likita bai zagayo ba tukuna.

Kano zuwa Kaduna

A Unguwa Uku na sami motar Kaduna, muka jira ta cika har hantsi. Na sayi ƙosai da kunu, kunun kawai na iya sha. Wata hajiya da ke kusa da ni ta ce, "'Yata, lafiya kike ta duba waya?" Na ba ta labarin. Ba ta san kurket ba, amma ta karɓi sunan Baba ta ce za ta sa shi a addu'a.

Mun wuce Zariya kaɗan wayata ta yi ƙara. Zulai ce. Na ƙura mata ido har ta katse. Sai ga saƙo: "Adda, wayar Baba a kashe. Kun taso?" Na rubuta "na taso", na goge, na rubuta "muna hanya", na tura. Har muka shiga Kaduna wannan kalma tana damuna.

Kaduna zuwa Kubwa

Direbobi sun tafi masallacin Juma'a, sai bayan an sauko muka tashi. Kowa ya san labarin wannan hanya, don haka motar ta yi tsit. Direban ya ce, "Ku kwantar da hankali, in Allah ya so ba za mu yi magariba a daji ba." Shingen sojoji ya fi a ƙirga, a wasu wuraren kuma babu sabis. Ni ba dajin nake tsoro ba, tsorona kada a kira ni daga Dutse a rasa ni. Ana kiran magariba na sauka a Kubwa, gidan wata ƙawata da muka yi jami'a tare. Inna ta ce ya farka, ya sha shayi cokali kaɗan.

Asabar, filin wasa

Da sassafe muka ɗauki tasi. Rabona da ganin Zulai tana wasa tun gasar 'yan ƙasa da shekara sha tara, lokacin da ta dawo gida da yatsa a kumbure tana murna. Yau sai ga ta cikin koren kaya, ɗan hijabinta a ƙarƙashin hula. Ta hango ni, ta taho da gudu bakin shingen waya, idonta yana neman wanda ke bayana.

"Adda, ina Baba?"

Duk abin da na tsara a mota ya gudu. Na ce, "Bai samu zuwa ba."

Ta kalli fuskata. Ta dubi zanen jikina da ya sha zaman asibiti da mota.

"Yana da rai?"

"Yana da rai."

"Ki rantse."

"Wallahi yana da rai. Na yi magana da Inna da asuba."

Ta ce, "To ki riƙe sauran sai na gama."

Baƙin, waɗanda suka zo daga gabashin Afirka, su suka fara bugu. Aikin Zulai jifa ne, ta kayar da sanduna ukun da mai bugu take tsarewa. Jifanta na farko ya kauce can gefe. Na biyu aka make shi har wajen fili. Na uku ma haka. Kyaftin ɗinsu ta zo ta dafa ta, daga baya ta karɓe ƙwallon ta ba wata 'yar wasa. Na zauna ina cewa a raina ni na jawo mata.

Can aka sake miƙa mata ƙwallon. Ta tsaya ta share fuska da hannun riga, ta taho a guje. Na ji ƙarar katako, sandar tsakiya ta tuma sama, mai bugu ta fita ke nan. 'Yan ƙungiyarsu suka rufe ta suna tsalle, ita ko hannu ba ta ɗaga ba. Kafin a tashi ta fitar da wata kuma. Duk da haka baƙin ne suka ci wasan.

A gindin wata bishiya na gaya mata komai. Ta yi kukanta, ta tashi ta je wajen mai horar da su. Saura wasanni a gasar, kuma akwai masu jiran gurbinta. Ya ce ta je, amma ba zai yi mata alkawarin komai ba.

Lahadi, komawa gida

Mota ɗaya muka samu har Kano, daga nan muka hau ta Dutse. Zulai ba ta ci komai ba sai rake a Kwanar Ɗangora. Bayan la'asar muka shiga asibiti da jakarta a kafaɗa.

Baba yana jingine da matashi. Ta durƙusa, ya kama hannunta da hagunsa, ya ɗaga gira alamar tambaya. Ta ce, "Biyu na fitar, Baba. Amma an cinye mu." Ya yi murmushi da rabin baki. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, duk muka matso.

Ya ce, "Koma."

Inna ta juya fuska bango. Zulai ta ce sai ta kwana biyu tana ba shi abinci da hannunta, ya lumshe ido ya yarda.

Na isa gida Yalwawa bayan magariba. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu lafiya, da ƙawata ta Kubwa, da hajiyar motar Kaduna da ban tambayi sunanta ba. Baba yana nan yana koyon riƙe cokali. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.