Hoton Shagon Sallau Tela

Balkissa mai albasa ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta ba. Tana goye Sallau tela ya rasu. Shagonsa na bakin babbar hanyar Malanville an daɗe da rushe shi, yanzu kayan babur ake sayarwa a wurin. Ta girma a Garou hannun kakarta, ta yi aure, ta haifi huɗu, ta kafa rumfarta a kasuwa, amma abin bai bar ranta ba.

Wata ranar kasuwa wani tsohon direba, Issaka, yana zaɓen albasa ya dube ta ya ce, "Ke ɗiyar Sallau ce ko? Na taɓa ganin babanki cikin hoto. Wani mai hoto ya bi layin nan shago-shago yana ɗauka, tun hanya ba ta da kwalta."

"Ina mai hoton yake, Baba?"

"Ya rasu. Iyalinshi suna Gaya."

Mijinta ya ce wahalar banza ce, ai gara ta riga ta cinye hotunan tuntuni. Ba ta yi masa musu ba. Ta bar rumfa hannun babbar ɗiyarta, ta ƙetare kogi zuwa Gaya. Gidan farko aka ce ba nan ba ne. Na biyu masu shi sun tashi. Ta yi ta komawa har ma'aikatan duwan, wato kwastan na kan iyaka, suka san fuskarta, kafin ta dace da Habsatou, matar marigayi mai hoton.

Tsohuwar ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Rabin hotunan damshi ya manne su. Cikin sauran ga garin da Balkissa ba ta sani ba: kantunan laka, jakai ɗauke da gishiri, mahauci a ƙarƙashin itace. Can ta ga shago da keken ɗinki, maza huɗu a ƙofa. Ta matso da hoton kusa da idonta. Wanne ne a ciki? Habsatou ba ta sani ba, ta kuma ce ko guda ba ya fita daga ɗakinta.

Sai Balkissa ta koma Malanville, ta lallaɓa Issaka da ciwon gwiwarsa, ta kawo shi Gaya. Ya kai hoton bakin ƙofa wajen haske, ya fashe da dariya.

"Ga shi nan zamne bayan keke! Cewa ya yi ba ya tashi, ɗinkin Salla ya yi mishi yawa."

Ta ƙura wa hoton ido. Faɗin goshin nan sak na autanta.

Habsatou ta yarda a ɗauki hotunan da waya. Balkissa ta sa aka wanke su, ta jera a rumfa saman buhunan albasa. Yanzu tsofaffi kan tsaya suna gardamar wane kanti ne na wa, ita kuwa tana tura duk mai neman nasa gidan Habsatou.