Gishiri da Gawayi a Gindin Bango

Shekarar da aka jawo wuta ƙauyenmu na wajen Tofa, maigidana ya sa aka kafa fitila mai gidan ƙarfe a bangon tsakar gida, inda nake jingine tabarmi. Da damina ta sauka bango ya jiƙe. Na je ɗaukar tabarma, hannuna ya taɓa ƙarfen, wuta ta ja ni har kafaɗa.

Yayan maigidana ya ce iska ce, a yi turare. Na ce, "Yaya, ni 'yar mai gyaran wuta ce. Da idona na ga mai wayarin ya datse waya mai kore da rawaya, wai ba ta da amfani. Ita ke kai wuta ƙasa idan ta hau ƙarfe."

Ya ce yaushe mata suka san wuta. Na ce tun da mu take ja.

Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na hana a kunna. Kwana tara muna tocila, ana yi mini gunaguni, kafin a dawo da mai wayarin. Ya canza wayar da ta goge, ya ɗaure wadda ya datse a jikin ƙarfen, ya kai ta ga sandar jan ƙarfe da ya binne a gindin bango. Gishiri da gawayin da ya zuba a ramin don ƙasa ta fi shanye wutar, daga madafina suka fito.

Har yau Yaya cewa yake turarensa ne ya yi aiki. Amma da aka jawo wuta gidansa, matarsa ya turo ta tambaye ni gishiri mudu nawa ake zubawa.