Garwashin Ɗakin Jego

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Minna ya san Maliki mai gyaran rediyo, wanda ke tafiya kai a sunkuye kamar mai neman allura. Da ba haka yake ba. Kafin 1988 baki gare shi, ko gaisuwa ka yi masa sai ya ba ka shawara.

A shekarar ya fara sayen garin zinari wajen masu wanke yashi a ƙauyukan Kagara. Akan haɗa garin da zaiba, wani ruwan ƙarfe mai sheƙi, a ƙona, zaibar ta tashi ta bar zinari. Maliki ba ya son maƙwabta su sani. Sai ga matarsa Lauratu ta haihu, ɗakin jego a rufe, garwashi ba ya mutuwa. Ya ce ya samu wuri.

Ya yi hattara kuwa, irin tasa. Duk sanda zai ƙona, sai ya miƙa jaririyar, Altine, ga mahaifiyarsa a waje. Lauratu kam tana zaune a gefen wuta, don mai jego ba ta shan iska.

Altine ta daina ƙiba, kuka ba dare ba rana, tafin hannunta ya yi ja. Tsofaffin unguwa suka yanke hukunci: nonon Lauratu mugu ne. Mata suka daina ba ta riƙon jariransu. Maliki, mai shawara, shi ma ya ce ai ya lura.

A asibiti likita ya ga hannun Lauratu na rawa, ya tambayi sana'ar maigidan. Ya ce hayaƙin da ta shaƙa ya shiga jininta, daga jini ya bi nono zuwa cikin yarinyar.

"Amma ina fitar da ita, likita," in ji Maliki.

"Ka fitar da ita, ka bar abincinta a ɗakin."

Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Ya bar zinari, ya bar surutu, amma matan unguwa suka ci gaba da nuna Lauratu. Wannan ne ya fi ba ni haushi da shi.

Altine ta rayu, sai dai magana ta yi mata nauyi. Ranar sunan ƙaninta, tsofaffi suka kawo kwalbar madara, wai kada shi ma ya sha mugun nono. Maliki ya shiga tsakiyar mata, inda namiji ba ya shiga, ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna, nonon Lauratu lafiya lau. Ni na zuba masa guba."

Lauratu ba ta ɗago kai ba. Ta gyara zaninta, ta ba jaririn nono a gabansu.