Dattijon Baranda da Littafinsa Mai Jan Bango

Jiya a kanti na ga ƙaramin littafin rubutu mai jan bango, sai na tuna maƙwabcinmu a unguwar Wangsa Maju da ke Malesiya, wani dattijo Bature ɗan Wales. Lokacin kullen korona, kullum yana baranda da kofin shayi mai ƙamshin citta, yana kasa kunne ga hirarmu yana rubutu a irin wannan littafin. Bizata ta kusa ƙarewa, sai na ɗauka ɗan rahoton hukumar shige da fice ne.

Ran nan na kasa haƙuri. "Baba, wa kake kai wa maganarmu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya nuna mini tafin hannunsa, duk kanta. "Ɗana, leburanci na yi a ƙasar mutane kafin in fara rubuta labarai da wasan kwaikwayo. Muryar baƙo nake nema."

Ban yarda ba, na daina gaishe shi. Bayan cutar ta ɗauke shi, 'yarsa ta kawo mini wasansa na ƙarshe. A shafin farko ya sadaukar da shi ga maƙwabcinsa da ke jin tsoro.

Allah ya yafe mini mugun zatona, ya ba 'yarsa haƙuri.