Ruwan da Inna Lauratu Ta Ba Baƙuwa

A Unguwar Gaji, wani ƙauye da ke bayan Jahun, babu wanda bai san Inna Lauratu mai ƙuli-ƙuli ba. Nan aka kawo ta amarya, nan ta haifi 'ya'ya tara ta binne huɗu, nan mijinta Malam Yahuza ya rasu ya bar mata akuya biyu da jika ɗaya mai suna Marwa. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. In ka taka mata tsakar gida da takalmi, sai ta bi sawunka da tsintsiya tana mita.

Wannan mai tsabtar kuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan tana shan ruwan kududdufi, tun daminar da rijiyar garin ta rufta. Kai, ruwan nan abin ƙyama ne! Shanu su shiga su yi kashi a ciki, jakuna su yi birgima a bakinsa, ga gansakuka kore shar, ga wasu 'yan tsutsotsi ja suna wutsil-wutsil. Takan tace shi da tsohon kallabi, ta jefa alimun, ta jira ya kwanta, amma warin yana nan. A bara Marwa ta fara fitsarin jini. A asibiti aka ce tsargiya ce, aka ba ta magani, aka ce ta daina taɓa ruwan. To ta taɓa wanne?

An shimfiɗa kwalta ta gefen garin, an kafa ƙarfen waya, rediyo kullum tana cewa arziki ya bunƙasa. Inna takan ja tsaki ta murɗe tasha.

Ran nan mai unguwa ya tara mutane ya ce wata ƙungiya daga Dutse za ta turo baƙi. Wai su ba dukiya suke aunawa ba, zaman mutane suke aunawa: ci da sha, lafiya, kwanciyar hankali. Garuruwan da suka fi shan wuya za a haƙa musu rijiyar burtsatse. Da bakinsa ya faɗi haka, amma da bakin nan nasa ya ƙara da cewa, "Don Allah kada a kunyata mu a gaban baƙi." Inna kuma maganar ƙarshen ce ta zauna mata.

Ta kwana biyu tana shara da shafe. Ta aro kujerar roba da sabuwar tabarma. Ta yanka zakaranta ɗaya tilo. Abin da ya fi damun ta shi ne ruwa, don ta rantse ba za ta miƙa wa 'yar mutane wannan ƙazantar ba. Ta aika wa ɗanta Kamilu, mai tuƙa adaidaita a Dutse, ya kawo mata jaka biyu na ruwan leda. Maƙwabta ma kowa ya yi irin nasa ƙoƙarin.

Baƙuwar da ta shigo gidanta wata budurwa ce 'yar Limawa, Mu'minatu, da kwamfutar hannu da farin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe ta, aka miƙa mata ruwa mai kyau, ta sha.

"Inna, jiya sau nawa kuka ci abinci?"

"Alhamdu lillahi, 'yar nan, muna cikin rufin asiri."

"A makon nan an ci nama?"

Ga ƙamshin zakara yana tashi daga murhu, me za ta ce? Mu'minatu ta danna kwamfutarta.

"Ruwan sha fa, irin wannan kuke sha?"

Inna ta dubi farin hijabin, ta dubi randar da ta rufe da faifai a bayan ɗaki. Kunya ta kama ta. Ta ce, "Muna dai sha."

"Akwai marar lafiya a gidan?"

Marwa tana ɗaki a zaune. Wace kaka ce za ta faɗa wa baƙuwa cewa jikarta budurwa tana fitsarin jini, a rubuta a kai birni? Ta ce, "Da sauƙi." Yarinyar ta sake dannawa, ta yi godiya, aka ƙulla mata ƙuli-ƙuli ta tafi. Ba ta leƙa randa ba, ba ta ce a nuna mata inda ake ɗibar ruwa ba, alhali kududdufin yana nan bayan masallaci, warinsa har bakin hanya. Tir da irin wannan awo! Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a tambayar dattijuwa yunwarta a gaban mutane ta amsa.

Bayan wata huɗu motar haƙa rijiya ta zo ta kan sabuwar kwalta. Mata suka fito suna guɗa. Motar ta wuce su ko rage gudu ba ta yi ba, ta nufi wani gari can gaba.

Takaici ya hana Inna suyar ƙuli ranar. Washegari ta cika jarka ƙarama da ruwan kududdufin, ba tacewa ba alimun, ta hau mota zuwa Dutse. Kamilu ya kai ta ofishin ƙungiyar. Mu'minatu ba ta nan, aikinta na wata biyu ne, ya ƙare. Wani mai babbar riga, Malam Ubaidullahi, ya duba kwamfuta ya yi murmushi.

"Hajiya, ai garinku na cikin masu jin daɗi. Ga shi nan, ruwa mai tsabta, nama, lafiya. Ku da bakinku kuka faɗa."

Ta ɗora jarkar a kan teburinsa ta buɗe murfin. "To ga gaskiyar na kawo maka, ɗan nan. Wancan na baƙi ne."

Ya toshe hanci da gefen rigarsa, ya ja kujera baya. "Subhanallahi! Rufe, Hajiya, rufe. An riga an tura rahoto. Sai zagaye na gaba, nan da shekara biyar. Don Allah a fita da abin nan, ya cika mana ofis da wari."

Kamilu ya miƙa hannu zai karɓa ya watsar a kwata, ta buge masa hannu. Ta mayar da murfin ta ɗaure da leda, ta rungumo jarkar har gida, don a Unguwar Gaji ba a zubar da ruwa. Da shi ta dama wa Marwa kunu da yamma.