Hutun Rabo a Kano

Duk wanda ya taso a Mabai bayan yaƙin Bama ya san Kano, ko da ƙafarsa ba ta taɓa wuce kasuwar Ƙanƙara ba. A bakin Rabo ya san ta.

Rabo manomi ne, gajere mai faɗin kafaɗa, gonarsa kuwa ba ta taɓa riƙe gidansa har shekara ta zagayo ba. Saboda haka da an gama kaka sai ya auna wa matarsa Mero abin da za su ci ita da yara, ya liƙe bakin rumbu da laka, ya kama hanyar Kano cin rani don a rage baki ɗaya a gida. Sai hadari ya fara haɗowa ya dawo da ɗan gishiri, da atamfa in an dace, da labari buhu-buhu.

Labarin kam ya iya shi. Zai zauna gindin tsamiya ya kwatanta tuwon shinkafar Hajaratu ta Fagge, yadda man shanu ke kwanciya a kan miyar taushe, har sai ka ga dattijo yana haɗiyar yawu ba kunya. Ya faɗi gidan wani attajiri da magini ya zana wa keke da agogo a jikin bango. Ya faɗi wani otel a Sabon Gari inda garmaho ke waƙa ba makaɗi, da gidan goge, da silima marar rufi inda mutane ke gudu a jikin farin bango. Bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Duk wuraren nan ya san su, amma ta ƙofar baya ya san su, da sanda a kafaɗa da garwa biyu cike da ruwa, don ga-ruwa yake yi. Shi ke cika randunan Hajaratu tun rana na tsaka, ƙasa na ƙuna a tafin ƙafa. Abincinsa rogo ne da ƙuli-ƙuli, makwancinsa zauren wani mutumin Faskari. Wannan ɓangaren bai taɓa kawo shi gida ba, don ba ya son Mero ta riƙa cin tuwo tana tunanin kafaɗarsa.

Shekaru suka yi ta tafiya, kafaɗar ta yi kanta, baya ya fara ƙin miƙewa da asuba. Rabo ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Abin da yake so a duniya bai wuce rani ɗaya a gida ba, ya kwanta a inuwar zaurensa, ya ga yadda Mabai take in babu aiki, don rabonsa da ganin haka tun yana saurayi.

A kakar 1955 Allah ya kawo. Dawa ta yi, gero ya yi, rumbu ya cika har aka jera sauran dammunan a bisa rumfa. Rabo ya tsaya yana kallo, daɗi ya cika shi. Bana babu bakin da za a rage.

Bai kai ga faɗa wa Mero ba ta riga shi. Da hantsi ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye ƙunshin kayansa a wanke a ninke. Ta ce duk damina tana lura da yadda yake dafa ƙugu in zai tashi daga kunyar gona, abin yana cin ranta. Ta sayar da akuyarta, ƙanensa Zailani ya riga ya yi magana da direban motar da ke tashi ran kasuwa, don bana ba zai taka da ƙafa ba.

Rabo ya ce ai da ya zauna, tun da hatsi ya wadata.

"Ka zauna ka yi mi, Malam?" in ji ta. "Mu nan rana ce da tuwon dawa. Ka sha wuyar damina, ka tahi ka huta, ka ci mai daɗi, jikinka ya dawo."

Ya dube ta. Fuskarta cike da murnar wanda ya yi abin kirki. In ya buɗe baki yanzu, akuyar ta tafi a banza, kuma duk lomar da ta ci a ranin shekarun nan sai ta dawo mata da ɗaci. Ya ji tausayinta, ya ji tausayin kansa, ya ce Allah ya yi mata albarka.

Ran kasuwa suka rako shi har bakin mota. Maƙwabta na ta tsokanarsa, wai Rabo ba ya iya rani sai da miyar birni, wani ma ya ce Allah ya ba shi irin sa'arsa. Ya yi musu dariya yadda ya saba. Da ya zo hawa sai ƙafar ta ƙi ɗaguwa, Zailani ya tallafe shi ta baya ya tura shi bisa buhuna.

Mero ta ɗaga murya don ya ji ta cikin ƙarar inji, ta ce kada ya yi gaggawar dawowa.