Jirgin da Ba a Duba Ƙasansa Ba

Imogen, mai aiki a wurin, ita ce kaɗai ta lura da ƙafar wata mata: silifas ne na tsakar ɗaki, a filin gyaran jiragen ruwa mai caɓi. Matar za ta kai shekara saba'in, furfurarta a taje, da zoben namiji a babban yatsanta. Wataƙila na mijinta ne da ya rasu. Tana tsaye tana kallon siririn jirginta, wanda ta mayar wurin zama, da aka ɗago daga ruwa.

Clive mai gyara yana bin ƙasan jirgin da guduma, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Can sai gudumar ta burma ciki, tsatsa ta zubo kamar garin gawayi.

"Mama, wa ya duba miki kafin ki saya?" in ji Clive.

"Ba kowa, ɗana. Fentin ne ya burge ni."

"Kwalta aka shafe ramukan da ita. Wata nawa kina kwana a ciki?"

"Bakwai. Ai na sayar da gidana."

"To, wata bakwai kwalta ce tsakaninki da kifi."

Imogen ta sunkuyar da kai, tana jiran ta ji kuka, amma shiru. Matar ta zura yatsa cikin ramin, ta daɗe a haka. Sannan ta roƙi Clive ya riƙe mata tsani, ta hau a hankali, ta yi wa tumatirin da ta shuka a rufin jirgin ban-ruwa.